Kwamfutar Malam Mode

Ranar da Wasila ta fara shiga shagon Sirajo a Ƙofar Taramniya, kansa na cikin wata kwamfuta da ya farke, sukudireba a bakinsa. Yana ɗagowa suka haɗa ido, sukudireban ya suɓuce ya gangara har gaban takalminta. Ta ɗauka ta miƙa masa tana danne dariya.

"Babana nika son a haɗa ma kwamfuta," ta ce. "Ba ta gayu ba. Ya ga jikokinshi da ke Fatakwal, ya saurari tafsiri, ya karanta labarai. Idonshi ya yi rauni, rubutun waya ba ya ganuwa gare shi."

Malamar firamare ce, albashinta ta daɗe tana tsakura. Da ta faɗi abin da ta tara, sai ta sunkuyar da kai kamar ta yi laifi.

Sirajo ya san kuɗin ba za su kai ba. Amma ya dubi yadda take murza gefen hijabinta, ya ji bakinsa ya ce, "Ai sun isa, har da saura."

Suka zauna zaɓen kaya. Ya ce firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, matsakaiciya ta wadatar, tunda Baba ba wasan gem zai yi ba. Ya sa ma'ajiyar bayanai iri biyu, ram daidai misali da SSD ƙarami, don ta riƙa tashi da sauri. Ita kuwa ta kafe a kan babban sikirin, da manyan sifikoki, da kibod mai manyan haruffa. Ta ga wani akwatin kwamfuta mai fitilu shuɗaye, idonta ya tsaya a kansa, shi ma Sirajo ya ce a sa.

Haɗin da zai ƙare a yini ɗaya sai ya ɗauki makonni. Kullum akwai abin da ya kamata ta zo ta gani da idonta. Daga nan saƙonni suka fara.

"Malamata, yau na gwada kyamarar. Tana da kyau, amma ba ta kai wadda ta zaɓe ta ba."

"Injiniya, ka ji tsoron Allah ka gama aikin mutane. Ka ci abinci?"

Da ya zo kan fawa, wato akwatin da ke raba wa sauran kayan wuta, kuɗi sun ƙare, har nasa ladan ya narke a ciki. Ya ɗauki waya zai gaya mata, kunya ta hana shi. Sai ya jawo wata tsohuwar fawa daga ƙarƙashin tebur, ya hure ƙurarta, ya ɗaura.

A lokacin Wasila ta riga ta sanar da mahaifinta, Malam Mode, cewa mai haɗa kwamfutar yana sonta. Tsohon ya ce, "Shi kawo aikin nashi in gan shi."

Bayan la'asar Sirajo ya kai kayan gidansu a Ƙofar Rini. Zauren cike yake da abokan Malam, har da Junaid, ɗan amininsa, ma'aikacin banki da ya daɗe yana neman Wasila ba ta ba shi fuska ba. Sirajo ya kunna. Haruffa suka fito ɓaro-ɓaro, Malam ya matso yana karantawa da ƙarfi, murna fal fuskarsa.

Sai aka ji fat! Sikirin ya yi baƙi. Hayaƙi mai ƙauri ya turnuƙe zauren, dattawa suka tattare riguna suna salati.

Sirajo ya buɗe akwatin kwamfutar. Malam ya leƙa, ya nuna abin da ya ƙone, mai tsatsa a tsakiyar sababbin kaya.

"Wanga tsohon hwa, daga ina?"

Junaid ya yi dariya ya ce, "Baba, gwanjo anka saka maku."

Malam ya ce a hankali, "Mai ɓoye tsoho cikin sabo, ba ni ba shi ɗiyata. Kwashe kayanka."

Wasila na bayan ƙofa, ta ji komai. Ta shige ɗaki ta yi kuka, don ta ɗauka cutarta ya yi, ita kuma ta kai shi gaban mahaifinta tana yabo. Washegari Junaid ya aiko da laftof mai tsada. Malam ya buɗe, ya kasa ganin rubutun, ya mayar masa da ita da godiya.

Sirajo ya daina bin layinsu. Ko a masallaci sai ya ga kamar kowa ya ji labari. Bayan kwanaki ya daure ya rubuta:

"Wasila, ban ci ko sisinki ba. Kuɗin ne ba su kai ba tun ranar farko, na ji kunyar in faɗa miki saboda yadda kika sunkuyar da kai. Na yi wauta. Ki yafe min ko da ba za ki sake dubana ba."

Ta karanta ta sake karantawa, fuskarta na zafi, don ta tuna saboda ita aka sa akwatin fitilu. Ta amsa:

"Ba ni za ka faɗa wa ba, Injiniya. Baba yana zaure bayan la'asar. Ina bayan ƙofa."

Ya je. Ya durƙusa a gaban dattawan nan dai, ya faɗi komai, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Malam ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya ce, "Ku biyu kunka zauna kunka yanke mani abin da nika so, ba wanda ya tambaye ni. Mi zan yi da hitila shuɗiya? Biki nika yi?"

Dattawa suka kwashe da dariya. A nan tabarmar aka sake zaɓe. Aka mayar da akwatin ado da manyan sifikoki, aka sayi sabuwar fawa da sitabilaiza saboda wutar unguwar. Allah ya taimaka sauran kayan ba su ƙone ba.

"Kai za ka koya mani ita," in ji Malam. "Maganar ɗiyata kuma ban ce komi ba tukuna."

Duk Juma'a Sirajo na zuwa. Malam ya danna ba daidai ba, ya yi faɗa, Sirajo ya sake nuna masa ba tare da ya gaji ba. Wasila ta aiko da kunun zaƙi, amma ba ta yarda ta leƙo. Har damina ta wuce.

Wata rana, bayan ya gama hira da jikokinsa shi kaɗai ba taimako, Malam ya juyo ya ce, "Sirajo, turo magabatanka."

An ɗaura aure bayan ƙaramar Sallah. Da za a kai amarya, Wasila ta durƙusa gaban mahaifinta, tana kuka. Ya dafa kanta, ya kira ango ya matso.

"Ga ta nan, na ba ka da zuciya ɗaya. In babu, ku ce ma juna babu. Allah shi yi maku albarka, shi ba ku zuri'a ta gari."

Jama'a suka amsa da amin, guɗa ta tashi daga cikin gida.