Ɗalibar Mai Agogo

"Yanzu ni za ka wuce a ƙofar kwaleji kamar ba ka taɓa ganina ba?"

Maman Biyu ce ta jefo tambayar tun ba ta cire takalmi ba. Mijinta na zaune a bakin taga, inda ya dawo da teburin gyaran agogonsa wata shida da suka wuce. Ya cire ɗan madubin da ke maƙale a idonsa na dama, ya juyo da kansa gaba ɗaya.

"Sannu da dawowa, ɗalibata."

"Riƙe sannunka! Ina tsaye a gefen ƙofa ina ɗaga maka hannu, har kafaɗarka ta kusa gogar tawa. Ka miƙa wa mai gadi littafin da na manta, ka juya abinka. 'Yan ajinmu na kallo fa! Wata har cewa ta yi, Mama, wancan ba mijinki ba ne?"

"Hankalina ne ya yi wani wuri..."

"Kullum hankalinka na wani wuri. In kunya kake ji a gan ka da tsohuwa cikin yara, ka fito fili ka faɗa min."

"Haba, rabin raina. Ni?"

"Ko kuwa karatun ne ya ishe ka? Ka faɗa, wallahi gobe in ajiye!"

Nan fa fuskarsa ta canja. "Kar ki ƙara faɗin wannan maganar a gidan nan," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. Ya miƙe zai fita, kafaɗarsa ta daki gefen ƙofa, ya wuce bai ko waiwayo ba.

Ta zauna ta yi kukanta mai isarta.

Ba ƙaramin abu ne ya mayar da Maman Biyu aji tana da shekara arba'in da ɗaya ba. Tun tana amarya ta fara kwalejin koyon aikin jinya, cikin 'yan biyu ya kwantar da ita, ta ajiye karatun da niyyar shekara ɗaya. Kafin yara su yi wayo, surukarta ta samu shanyewar ɓarin jiki. Shekara tara tana juya tsohuwar, ta yi mata wanka, ta ba ta abinci a baki, ba ta taɓa yin tsaki ba. Ranar da suka kai 'yan biyun makarantar kwana, a hanyar dawowa mijin ya zaro takardar neman shiga kwalejin daga aljihu, ya riga ya cike komai. "Saura sa hannunki," ya ce. "Kin yi wa uwata, yanzu ki yi wa kanki."

Karatun girma kuwa, wanda bai yi ba bai san shi ba. Yatsunta sun sandare, kafin ta kwafe layi biyu an goge allo. Yaran da ta haifi kamarsu su ji abu sau ɗaya su riƙe, ita sai ta maimaita sau goma, washegari ta nema ta rasa. A jarrabawar farko ita ce ta biyu daga ƙasa, ta shige banɗaki ta toshe baki da mayafi don kar a ji ta.

Mai agogo ne ya tsamo ta. Kullum bayan la'asar sai ya rufe akwatin aikinsa ya ɗauki littafinta, tana wanke-wanke ko guga, shi yana jefa mata tambayoyi. Sunayen magunguna yake kira a karkace har ta riƙe ciki don dariya, amma da hakan suka zauna mata a ka. Shekara uku suna haka, har ta kai ajin ƙarshe, ta zaɓi fannin ido.

To, a shekarar nan ne mutumin ya fara sauya mata. Ya rufe ɗan shagonsa na bakin titi, wai hayaniya ta dame shi. Ya daina raka ta kasuwa. Ta ajiye masa shayi a gefen tebur, sai ya huce bai taɓa ba, ko ya ture shi da gwiwar hannu. Ta shigo ɗaki da sabuwar riga ta zauna kusa da shi, ko kallo. Ita kuwa abu ɗaya ta fassara: karatun nan ya fara raba ta da mijinta. Saura mako biyar jarrabawar ƙarshe, tana ta addu'ar auren ya kai ta can.

Washegarin rigimar suna da darasin gwaji a aikace. Gwajin ganin gefe ne, mai sauƙi: ka zauna gwiwa da gwiwa da mutum, ya rufe ido ɗaya, ya kafe ɗayan a kan hancinka, kai kuma ka shigo da yatsu biyu daga can gefe a hankali har ya ce ya gani. Da shi ake kama hawan jinin ido, ciwon da ke cin gani daga gefe-gefe ba zafi ba ja, sai ya bar mutum kamar mai leƙe ta bakin kwalba.

Maman Biyu ta iya shi sarai. Tun farkon shekara aka ce kowa ya gwada a kan mutum goma na gida, ta yi wa maƙwabta, ta yi wa mijinta, ta rubuta sakamako.

Ta zauna gaban abokiyar gwajinta, ta miƙa hannu. Malamar ajin, wata siririya da ba ta kai ta shekaru ba, ta daka mata tsawa daga baya.

"Mama! Mene ne wannan a hannunki?"

"Awarwaro ne, Malama."

"Cire su! Kina motsa yatsu suna kacau-kacau. Ko makaho aka zaunar miki zai ce ya gani, da kunne zai bi ki."

Aji ya kwashe da dariya. Ita ma ta fara murmushi, tana zare su ɗaya bayan ɗaya... sai murmushin ya tsaya mata a fuska.

Waɗannan awarwaron ba ta taɓa cire su ba. Da su ta gwada mijinta. Mutumin da ke kara agogo a kunne ya faɗa maka abin da ke damunsa tun bai buɗe ba!

Gefen ƙofar da ya daka. Kofin shayi. Shago. Ƙofar kwaleji.

"Mama, lafiya?"

Ko jakarta ba ta ɗauka ba ta fice.

Ta same shi a bakin tagar, ya duƙufa da hantsaki yana ɗaukar wani ɗan mitsitsin sukurun agogo. Ta shigo ba takalmi, ba awarwaro, ta tsaya dab da kafaɗarsa ta hagu. Ta ƙirga har talatin a zuci. Bai san da mutum a wurin ba.

"Baban Biyu."

Ya zabura har hantsakin ya faɗi. "Kai! Yaushe kika shigo? Ba yanzu kuke tashi ba ai."

"Juyo da kujerarka."

"Aiki nake..."

"Don girman Allah ka juyo."

Ya juyo. Ta zauna, gwiwarta na gogar tasa. Ya dubi hannayenta, ya ga babu komai a wuyansu.

"Rufe idonka na dama. Kalli hancina."

Ta miƙa hannu can gefe, ta fara shigo da yatsu biyu tana motsa su. Shiru. Ta ƙara matsowa. Shiru. Ta kawo su har gaban fuskarsa.

"Ka ce ka gani mana... Baban Biyu, ka ce ka gani!"

"Ban gani ba, ɗalibata."

Da na dama kuwa, sai da yatsun suka kusa taɓa hancinta sannan ya ce, "Yanzu."

Ta zame daga kan kujera ta zube a ƙasa. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Tun yaushe?"

"Na daɗe ina tuntuɓe, na ɗauka tsufa ne. Ranar da nake karanta miki alamomin ciwon nan, ke kina guga kina ba ni amsa ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina jin kamar da ni littafin yake."

"Wata goma sha ɗaya ke nan! Wata goma sha ɗaya ka sani ka yi shiru? Kai ne fa ka karanta min cewa abin da ya tafi ba ya dawowa! Kai ka karanta min cewa maganin ɗigawa na tsayar da shi!"

"Na ce in kin gama sai mu je tare."

"Asibitin nesa ne? Ba za ka iya zuwa kai kaɗai ba?"

"In ɗiga magani a gidan da mai karatun ido take, ta kasa ganewa? Na san ki. Ranar da kika ji, ranar za ki ajiye littafi ki ɗauki jinya. Kin yi min sau ɗaya, shekara tara. Ba zan iya kallon ki kin sake ba."

"Shi ne ka zaɓi ka daina kallona gaba ɗaya?"

Ya lalubo kanta ya dafa, ta kama hannun ta kifa fuskarta a ciki tana kuka kamar ranta zai fita.

"Ni na rubuta," take cewa. "Da hannuna na rubuta, mutum na goma, ganinsa lafiya ƙalau. Har maki aka ba ni a kai! Jiya-jiyan nan na tsaya ina zazzaga maka masifa..."

"Ai kin yi kyau da kina masifar. Kina tsaye daidai gabana, na gan ki sosai."

Likitan da suka gani washegari da safe bai ɓoye musu komai ba. Idon hagu ya tafi. Na dama saura ɗan tsibiri a tsakiya, za a yi aiki a yi ƙoƙarin riƙe shi, amma ba alkawari. Ya dubi farar rigarta da bajen kwaleji a ƙirji, ya buɗe baki, sai kuma ya fasa. Da ma ya faɗa, da ya fi mata sauƙi.

A hanyar gida ta ce, "Na bar makarantar."

Ya tsaya cak a gefen titi, ya zare hannunsa daga nata.

"To ki bar ni a nan."

"Baban Biyu, motoci..."

"In kin bari, me na saya da idona? Faɗa min! Ki bar ni da duhu kuma ki bar ni da hannu wofi?"

Mutane sun fara kallonsu. Ta kama hannunsa da nata biyu, ta ce ta ji, za ta yi.

Haka ta yi makonnin nan. Da asuba ta ɗiga masa magani, ta tafi aji, ta biya asibiti, ta dawo. Littafin ya gagare shi karantawa, sai ya riƙa jefo tambayoyin da ka, don ashe shi ma ya haddace. Tana amsawa hawaye na ɗiga a kan guga. Duk abin da ta koya a shekara uku, sunan kowace jijiya, adadin kowane ɗigo, ga shi nan a kanta daram, kuma ba ko ɗaya da zai dawo masa da abin da ya wuce a gabanta tana haddar sunansa. An koya mata duba idon baƙo, na gida kuwa ba ta ko kalla ba.

An yi aikin. Ta rubuta jarrabawa. Tsibirin bai tsaya ba, kullum ƙara tsukewa yake.

Ranar da sakamako ya fito, 'yan ajin suka rungume ta suna ihu. Mama ce ta ɗaya a fannin ido! Malama ma sai da ta riƙe hannunta ta ce ba ta taɓa samun ɗaliba mai lura irinta ba. Maman Biyu ta ce ta gode, ta naɗe takardar ta kama hanya.

Yana zaune a tsakar ɗaki da sabuwar riga, ya sa maɓallan a karkace. Tun safe yake jira.

"Yaya?"

"Na ci. Ni ce ta ɗaya."

"Allahu akbar!" Ya tafa hannu yana dariya kamar yaro. "Na faɗa miki! Zo, zo ki zauna a gabana. Ba takardar nake so ba, fuskar ma'aikaciyar jinya nake son gani. Kar ki motsa fa."

Ta ja kujera ta zauna. Ya buɗe idon dama sosai, yana yawo da kansa a hankali, sama, ƙasa, gefe, yana nema. Can sai ya tsaya, fuskarsa ta washe.

"Yauwa... ga ki nan. Kai, masha Allah. Kin ga yadda kika yi kyau kuwa, rabin raina?"

Labulen da ke bayan kafaɗarta yake kallo, inda hasken taga ya faɗo.

Ta danne bakinta da hannu har kukan ya koma ciki. Sannan ta ɗaga kujerar a hankali don kar ta yi ƙara, ta matsa zuwa inda idonsa yake, ta zauna.

"Na gani," ta ce. "Ci gaba da kallona."