Ranar da Mahadi Ya Manta da Tsoro

A bayan ɗakin jarrabawa Saude ta fara yi wa Mahadi magana, a kwalejinsu da ke Gusau, cikin shekarar 1997. Yana zaune bisa dutse, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Ta miƙa masa gorar ruwanta.

"Malam, ba kai ke koya mana lissafi a gindin dalbejiya ba? Lafiya?"

"Ni ne," ya ce. "Da an ajiye mini takarda sai kaina ya ɗauke. Ko biyu sau biyu ba na tunawa."

Ita kuwa 'yar Tsafe ce mai surutu da dariya. Lissafinta sama-sama ne, amma takan shiga jarrabawa kamar mai zuwa gidan biki, ta kuma ci. Kafin zangon ya ƙare tana ce masa Malamina, shi kuma yana ce mata Sanyin Idona.

Da manyansa suka zo daga Bungudu neman aure, mahaifinta Alhaji Yusha'u ya girgiza kai.

"Yaron da lissafi ya kayar sau biyu? In ya sake faɗuwa korarsa za a yi. Ya ci tukuna, sannan ku dawo."

Ana cikin haka wata 'yar ajinsu, Muzdalifa, ta maƙale masa. Kullum tana gefensa da littafi, wani lokacin har da dambun nama.

"Malamina, ita wannan ba ta da gida ne?" in ji Saude.

"Lissafi kawai nake koya mata, Sanyin Idona."

"Har murmushin ma lissafi ne?"

Ranar jarrabawar Saude ta yi sammako don ta kwantar masa da hankali, sai ta tarar da Muzdalifa tana miƙa masa sabon biro, tana karya murya. Ta juya ta nufi Idris, ɗan gayun da ya daɗe yana binta, ta shiga yi masa hira tana ƙyalƙyala dariya, har suka shiga aji tare.

Mahadi ya ga komai. Aka raba takardu yana huci. Babu abin da ke ransa sai ya gama ya tare ta kafin Idris ya raka ta tasha. Ya duƙufa kan rubutu, ko ɗaga kai bai yi ba. Shi ya fara fita.

Tana fitowa ya sha gabanta.

"Saude, a gabana? Da Idris?"

"Kai da Muzdalifa fa?" Sai ta tsaya, ta dubi rigarsa, babu ko ɗigon gumi. "Tsaya. Ka amsa tambayoyin?"

"Duka," ya ce a hankali, shi kansa yana mamaki.

Ta rufe fuska da mayafi, kuka da dariya suka haɗe mata. "Wallahi ko kalma ɗaya ban ji ba cikin abin da Idris ya faɗa."

"Ni ma gobe zan mayar da biron."

Da sakamako ya fito, Mahadi ne na biyu a ajin. Bayan girbi aka ɗaura aure a Tsafe. Da za a kai amarya Bungudu, Alhaji Yusha'u, wanda labarin ya riga ya iso masa, ya dafa kan 'yarsa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya tagari, ya cire muku kishi."

Innar Saude ta leƙo daga bayan labule tana share hawaye.

"A dai rage, Alhaji. Kada a cire duka."

Tsakar gidan ya ɗauki dariya, aka shafa da amin.