Gurbin Da Ya Bar Mata

A gaban allon sanarwa na sashen nazarin ruwan sha suka fara haɗuwa. Tana saɓe da 'yarta, tana neman sunanta cikin waɗanda aka ɗauka digiri na biyu. Ga shi nan, na biyu a jeri. Amma a ƙasa an rubuta cewa tallafin jami'a na mutum ɗaya ne, sauran kowa ya kawo mai ɗaukar nauyinsa cikin wata guda, ko ya rasa gurbinsa.

"Ke ce ta biyun?" in ji wani dogo a bayanta. "To ki yafe min, ni ne na ɗayan."

"Allah ya sa albarka," ta ce, ba ta ko kalle shi ba. Sai yarinyar ta miƙa hannu ta cafke masa tabarau, dole suka yi dariya.

Shekara biyu ke nan da rasuwar mijinta, da ɗan albashin koyarwa take riƙe kanta da 'yarta. Shi ya dinga raka ta ofis-ofis neman tallafi, yana saɓa yarinyar a kafaɗa in layi ya yi tsawo. Yana ce mata Ta-Biyu, tana ce masa Dogo. Ko'ina suka je, an rufe.

Saura kwana huɗu wa'adi ya cika, sai ga saƙo daga sashe cewa tallafin ya dawo kanta. Ba ta saba karɓar abu ba tambaya ba, ta wuce wajen sakatariya.

"Na ɗayan ne ya kawo takardar wani kamfanin ruwa da zai biya masa," in ji matar. "Dokarmu ce, wanda ya samu na waje, namu ya koma kan mai bi masa. Ni dai ban gane masa ba. Nasu bai kai namu ba, ga sharaɗin aikin shekara uku a tasharsu ta ƙauye in ya gama."

Tun a bakin ƙofa ta tura masa: "Dogo, wa ya ce maka sadaka nake nema? Shekara uku ka ɗaure kanka, ko shawara babu?"

Amsa ta shigo: "Na yi laifi, Ta-Biyu, na san za ki hana ne. Injiniya irina kamfanin ke so, ba za su ɗauke ki ba. Da na riƙe na jami'a, ni kaɗai zan yi karatu. Gurbin da makinki kika ci shi, ba sai kin so ni ba."

Sai a kwana na uku ta rubuta masa: "Ka ci abinci kuwa?"

Da maganar aurensu ta taso, Baba, mahaifinta, ya ƙi.

"Ban ƙi yaron ba, 'yata, amma jikata ba za ta zauna a ƙauyen tashar nan inda babu asibiti ba. Ga mai kantin magani nan yana ta aiko da magana, gidansa a cikin gari."

"Baba, ni ma ba zan kai ta inda ban gani ba. Mu je tare mu duba. In babu, na haƙura da shi."

Awa huɗu suka yi a mota, Dogo na ta addu'a a kujerar baya. Sun tarar da ƙaramin asibiti, da ungozoma, da makarantar yara a gefe. Ita da kanta ta sa aka buɗe firjin rigakafi, ta taɓa ta ji sanyi, ta tambayi motar gaggawa. Baba ya zaga ya zaga, ya rasa aibi.

"Kai Dogo," ya ce, "wannan binciken da ka gani, haka za ka sha shi har tsufa. Ka yarda?"

"Na yarda, Baba."

Bayan jarrabawar zangon farko aka ɗaura aure. Baba ya riƙe hannuwansu, jikarsa na kan cinyarsa.

"Allah ya yi muku albarka, ya sa ku gama lafiya. Yarinya tana wajena duk ranar da kuke da aji, saboda haka duk wanda ya faɗi jarrabawa a cikinku, kada ya ce min raino ne."