Mai Turin Fijon Malam Abdulmalik

Aike ɗaya tak Hajiya Lami ta yi wa mijinta ranar Lahadin nan: in an tashi daga taron motoci, ya taho mata da ƙafafun saniya da kanwa. 'Yarsu Safiya ta zo wankan gida, jaririyar kwananta biyar a duniya, jibi suna, ga shi har yanzu ba a ɗora ƙauri ba.

"Kuma don Allah, Malam, ka shigo kafin magariba."

Ya ce to. Da ma "to" ɗin Malam Abdulmalik ba ta taɓa hana shi yin abin da ya ga dama ba.

Tsohon safiyo ne mai awon filaye da hanyoyi, ya yi ritaya shekara shida, kuma in ana neman mai kafiya a Darmanawa ba sai an yi dogon cigiya ba. Abin alfaharinsa a duniya, bayan 'ya'yansa, wata Fijo 404 ce ruwan madara, ƙirar 1973, mai giya a jikin sitiyari. Duk Lahadi bayan la'asar yakan kai ta wani filin wankin mota a Gyaɗi-Gyaɗi, inda ƙungiyarsu ta masu tsofaffin motoci take haɗuwa. Su goma sha huɗu ne. Su jera Marsandi da Bosuwaja da Datsun, su ɗaga bonet, su kafa musu a kan kafireto har shayi ya huce. 'Yan gwangwan na wucewa suna leƙe suna haɗiyar yawu, su kuwa ko a jikinsu.

A cikinsu kaf, Fijon Malam ce kaɗai ba a taɓa sa wa baƙon ƙarfe ba. Komai nata na asali ne. Shi ya sa da kik ɗinta ya fara gardama, ya rantse ba zai sa mata ɗan China ba, sai dai ya jira na asali ko da zai shekara. In ta ƙi tashi, a tura. Ai ƙa'idar ƙungiya ce: ba a barin ɗan'uwa a hanya, kuma wanda ya tura maka mota ba ka barinsa a ƙasa.

Yana cikin goge gilashi sai Obiechina ya kira shi daga bayan motar. Obiechina mai sayar da kayan gyara ne, haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano.

"Malam, zo ka gani. Waye ya tura ka?"

A kan murfin but, a kan fentin da yake ƙyalli, akwai shatin tafukan hannu biyu. Obiechina ya ɗora nasa a kai. Yatsunsa ko rabin na shatin ba su kai ba.

"Wancan satin ta mace min a bayan katangar tsohon kamfanin nan," in ji Malam. "Da satin da ya gabace shi. Wani bawan Allah ne ya taimaka."

"Waje ɗaya? Sau biyu?"

"To sai me?"

"Ka ga fuskarsa?"

Malam ya girgiza kai. Wanda aka tura ba ya waiwaye. Idonsa na kan hanya, ƙafarsa na kan kuloci, da ta kama sai ya danna totur don kada ta sake macewa, ya ɗaga hannu ta taga ya wuce. Haka ya yi sau biyu.

"Ba ka tsaya ka rage masa hanya ba ke nan." Obiechina ya rage murya. "Na goge da fetur, ya ƙi fita. Malam, ina da kik a but ɗina, minti ashirin in ɗaura maka. Ko kuma ka bi titi yau."

"Ɗan China a jikin motata? Allah ya kiyaye. Hanyar nan kuma, Obi, ni na auna ta da hannuna tun kana rarrafe. Ba wanda zai hana ni bin ta."

Ya tsaya wajen mahauta, ciniki ya ja shi. Kafin a ɗaure masa ƙafafun a buhu a jefa a but, rana ta yi ja. Titi ya cushe da 'yan adaidaita, sai ya karya ya shiga lungun da ya saba.

Lungun miƙaƙƙe ne, ba kwalta. Hannun dama doguwar katangar kamfanin da aka rufe tun tuni, hannun hagu gonar dawa da ta fi mutum tsawo. An yi ruwa da rana, ƙasa ta yi laushi, tayoyi suna barin kwari a cikin taɓo. Kwaɗi sun cika wajen da kuka. Turakun wuta huɗu ne a lungun, ba ko ɗaya mai fitila.

Daidai turke na farko, injin ya yi tari sau biyu ya mutu.

Ya murɗa mukulli. Ƙas. Ya sake. Ƙas.

Sai a lokacin ya lura kwaɗin sun yi shiru. Gaba ɗayansu, lokaci guda.

Wani wari ya shigo ta taga. Ba na taɓo ba ne, ba na naman but ba ne. Wari ne irin na tsohuwar rijiya da aka daɗe ba a buɗe ba.

Motar ta motsa.

Bai ce a tura ba. Bai ga kowa ya zo ba. Ya ɗaga ido ya dubi madubi: katanga, dawa, jan sama. Ba kowa. Amma tana tafiya, tana ƙara gudu, kuma bai ji takun ƙafa ko ɗaya a cikin taɓon ba.

Da ya taka birki a nan, da shi ke nan. Sai dai shekara arba'in na sabo sun riga tunaninsa. Hannu ya ja giya ta biyu, ƙafa ta saki kuloci, injin ya kama.

Ƙofar baya ta buɗe. Ta rufe a hankali.

Bayan motar ya nutse, har salansa ta gogi ƙasa.

"Gida," aka ce.

Muryar ba ta da ƙarfi. A bayan kunnensa take, da sanyi, kamar an buɗe firiji a ƙeyarsa. Bai waiwaya ba.

"Sau uku na tura ka. Wanda ya tura, ba a barinsa a ƙasa. Ku kuka faɗa."

Sun wuce turke na biyu. Sun wuce na uku. Can gaba, inda lungun ya ƙare, yana hango koriyar fitilar masallacin unguwarsu. Daga can zuwa ƙofar gidansa shan kwana biyu ne kacal.

Abin ya ja numfashi mai tsawo ta hanci.

"Akwai ƙamshin jego a rigarka. Ba a raɗa mata suna ba ko?"

Tsoro ya kama Malam Abdulmalik, tsoro na gaske. Ya tuna jaririyar da safe, a tafin hannunsa, ba ta fi nauyin kwanon sha ba. Ya tuna Safiya tana dariya tana cewa, "Baba, hancinka ta ɗebo." Sai wani abu ya taso ya danne tsoron, kuma ba komai ba ne illa tsohuwar zuciyar nan tasa da Hajiya Lami ta shekara talatin da bakwai tana fama da ita.

Daidai turke na huɗu, ya murɗe mukullin.

Fijo ta yi girgiza ta tsaya.

"Kunna."

"Ba zan kunna ba."

"Kowa ya ci ladan kuturu..."

"Na sani. Zan yi askin." Malam ya saki sitiyari. "Turi ka yi min, turi zan rama maka. Amma gidana, wallahi ko sunan layin ba za ka ji ba."

Ya mayar da giya firi. Ya yi bisimilla ya fito. Ya cire hula ya ɗora a kan rufin, ya naɗe hannun riga, ya zagaya gaban motar ya kafa tafukansa a kan bonet. Ƙarfen da zafi. Tsakanin turke da turke taku arba'in ne, ya sani, shi ya auna. Turke uku zai koma.

Ya tura.

Ko gezau. Ka ce tirelar siminti ce.

Ya sunkuyar da kai, ya kafa ido a kan zakin da ke hancin motar, ya fara Ayatul Kursiyyu. Ya sa ƙirji. Ya sa kafaɗa. Takalminsa ɗaya ya maƙale a taɓo, ya bar shi. Tayoyin suka faɗa cikin kwarin da suka haƙa ɗazu, suka juya, kaɗan.

Taku ɗaya. Biyu.

Daga nesa ladan ya ɗaga murya. Wani ya karɓa ta wajen Unguwar Gano.

Turke na uku ya zo ya wuce ta gefen idonsa. Gumi ya shiga masa ido. Wani abu ya yi ƙara a ƙugunsa, zafi ya tsarga har ƙeya. Bai tsaya ba, don ya san in ta tsaya ba za ta ƙara motsawa ba.

Sai ya ji kukan jaririya.

A cikin motar. Siriri, mai shiƙewa, irin na 'yar kwana biyar. Kukan da ya hana shi barci jiya, shi ne sak.

Hannunsa ya saki. Motar ta dawo masa, bamba ta bugi gwiwarsa.

"Ƙarya kake," ya ce da haƙora a cije. "Tana ɗakin uwarta. Ƙarya kake, la'ananne!"

Ya sake kafa hannu.

Turke na biyu.

Kukan ya koma dariya. Dariyar ta koma muryar Safiya, tana cewa Baba ka buɗe mana, Baba ka kai mu gida. Ya ɗaga karatu ya danne ta. Numfashinsa ya ƙare, ya ci gaba da leɓe kawai.

Saura taku goma, wuyansa ya gaji. Kansa ya ɗagu.

Ya gan shi ta gilashi.

A kujerar baya yake, a naɗe, gwiwoyinsa sun wuce kunnuwansa, kansa ya lanƙwashe a jikin rufi. Hannayensa sun tsallako kujerar gaba, sun tsallake sitiyari. Tafukan suna manne a gilashin gaba, daga wannan gefe zuwa wancan. Turawa yake. Tun ɗazu turawa yake, daga ciki.

Fuskar ba ido. Amma kallonsa take.

Malam Abdulmalik bai sunkuyar da kai ba.

"Tara," ya ce masa. "Takwas."

Gilashin ya tsage.

"Bakwai."

Bai san yadda ya yi sauran ba. Ya dai ji bambar baya ta daki turke na farko, ƙwal, nauyin ya ɗauke gaba ɗaya, shi kuma ya kife a kan bonet.

"Mun yi canjaras," ya ce, bakinsa a jikin ƙarfe. "Sauka."

Ƙofar baya ta buɗe. Bayan motar ya ɗago. Dawar da ke hannun hagu ta dare gida biyu, tun daga bakin hanya har inda ido ya ƙare, sannan ta haɗe.

Kwaɗo ɗaya ya yi kuka. Sauran suka amsa.

Bai taɓa mukullin ba. A nan ya bar ta, motar da ko ruwan sama ba ya bari ya dake ta. Da ƙafa ya tafi, takalmi ɗaya, a sunkuye, kuma bai nufi gida ba. Sai da ya shiga masallaci ya yi alwala, ya yi magariba, ya zauna har aka yi isha. Rigar ma a can ya cire ta, ya roƙi ladan ya ƙone, ya ari wata.

Hajiya Lami ta tarye shi a soro da faɗa a bakinta. Da ta ga fuskarsa, sai ta haɗiye.

"Ina yarinyar?" ya ce.

"Tana barci. Tun la'asar ko motsi ba ta yi ba. Malam, ina motar? Ina ƙafafun?"

Ya zauna a dakalin soro ya fashe da kuka, abin da ba ta taɓa gani ba ko ranar da ya binne mahaifiyarsa.

Washegari da hantsi 'yan ƙungiya suka zo su goma sha uku da igiya, suka ja Fijo zuwa Gyaɗi-Gyaɗi. A cikin taɓon, sawun mutum ɗaya kawai suka gani. Buhun yana but a ɗaure yadda mahauci ya ɗaure shi, ba komai a ciki. Obiechina ya fito da kik ɗinsa yana kallon Malam, yana jiran tsiya.

"Ɗaura," in ji Malam. "Ko na injin markaɗe ne."

An yi suna lafiya, da wasu ƙafafun. Ƙugunsa dai bai ƙara miƙewa ba, da sanda yake tafiya yanzu. 'Ya'yansa sun yi juyin duniya ya sayar da motar, ya ce sai dai a raba ta a gado. Duk Lahadi yana fili, kuma ta lungun nan yake komawa, don a cewarsa ba wanda yake bin sa bashi a can.

Tsohuwar mota ba ta rasa macewa. In ta mace masa, ko a tsakiyar Tarauni ne da rana tsaka, ya ji an dafa ta daga baya, sai ya ja birkin hannu ya leƙo ta taga.

"Waye? Zagayo in ga fuskarka."

Yawanci wani ɗan adaidaita ne yake zagayowa yana dariya. Wani lokacin kuma ba wanda yake zagayowa. Sai Malam ya gyara zama, ya harɗe hannu, ya jira.