Bargon Tankin Mota

A ƙauyenmu, can saman duwatsun Oruro, watan Yuli ne tsakiyar hunturu, sanyinsa ba ya wasa da kowa. Akwai wata yarinya, 'yar Don Tiburcio mai a-kori-kura. Ita aka zaɓa ta ja gaban rawar makarantarsu a cikin gari ranar Asabar. Ta daɗe tana koyon takun.

Ranar Juma'a da yamma dabbarsu lama, mai kama da ƙaramin raƙumi marar tozo, ta haihu. Jaririn sai karkarwa yake. Yarinyar ta hango wani tsohon bargo naɗe a jikin tankin motar babanta.

"Ƙarfe da bargo? Wannan ai ɓarna ce," in ji ta. Ta zare shi ta lulluɓe jaririn, ba ta tambayi kowa ba.

Da safe ta sha ado ta shige mota. Baba ya murɗa makulli. Mota ta yi tari ta mutu. Ya sake, ko motsi. Ya sauko ya leƙa ƙasa.

"Ina bargon tanki?"

Yayanta Wilmer ya nuna garke da baki. "Ga shi can, ta ba sabon ɗanta."

Yarinyar ta sauko daga mota. "Ni ce, Baba. Amma mai ma yana jin sanyi?"

Baba bai yi faɗa ba. Ya tsiyayo man dizal a kwalba ya miƙa mata. Man ya yi fari-fari da gudaji, kamar kindirmo.

"Akwai kaki a cikinsa, irin na kyandir," ya ce. "Da ɗumi a narke yake. Sanyi na tsananta sai ya daskare, ya toshe matatar mai. Bargon nan shi ke riƙe ɗumin da mota ta dawo da shi."

Mamaki ya kusa mantar da ita rawar. Ta cusa kwalbar a hammata. Can ta ciro, man ya washe tas.

"Baba, duba. Ɗumi kawai yake so."

"To sai ki rungume tankin," in ji Wilmer. "Ko mu hura wuta a ƙasa."

"Kul," in ji Baba. "Wuta kusa da mai?"

Yarinyar ta ruga wajen Mama, ta roƙi ruwan zafin da za a dama api, kunun masarar da suke karyawa da shi. Suka tura mota cikin rana. Tana tsoma tsumma, Baba na naɗawa a matata da bututu, har hannayenta suka yi ja. Can injin ya kama, ya tirniƙe su da hayaƙi.

Suna isa gari ana fara kiɗa. Ta dira ta shige gaban layi, ciki ba komai, amma ba ta kuskure taku ko ɗaya ba.

A hanyar gida Baba ya ce, "Tausayinki ya yi kyau, 'yata. Da kin tambaya, akwai fatar tunkiya a ɗaki."

Daga ranar, kafin ta ɗauke abu daga inda aka ajiye shi, sai ta tambayi dalili. Tambaya ba ta rage kowa da komai.