Jarkar Kan Kututture

Da hantsi aka kira ofishin 'yan sanda na Salaga: jirgin ruwa ya kife kusa da Makango, an tsamo gawa ɗaya.

Sufeto Fadlullah, da aka kawo daga Bawku bara, ya tarar da gawar a gaɓa. Muniratu ce, mai bandar kifi, 'yar Alhaji Gariba mai jirage uku a mashigar.

Kassim, direban jirgin da ya kife, ya tare shi.

"Ofisa, kututture na buga. Kowane kututture a ruwan nan akwai jarka ɗaure, mu gani mu kauce. Yau babu jarka."

"Wa ka ɗauko?"

"Mai awo daga Yendi ya yi hayata, zai auna wurin da za a gina gada. Bai zo ba, sai na ɗebi 'yan kasuwa."

Sufeto ya sa aka kai shi wurin. Igiyar jarkar na nan jikin kututturen a yanke, kuma aikin wuƙa ne.

Ya sami Gariba a ƙofar gida, ido ja wur.

"Alhaji, yaushe rabonka da ruwa?"

"Sati biyu. Ƙafa na ciwo."

"An ce ka fi kowa ƙin gadar nan."

"Duk mai jirgi ya ƙi. In mota ya haye, mu ci me?"

A rumfarsa jarkokin mai na jere. Ɗaya duk gansakuka, ga guntun igiya a hannunta, bai ma bushe ba. Ɗan jirgi zai yar da komai, ban da jarka. Sufeto ya dire ta gaban Gariba.

Tsohon ya dube ta.

"Ni na yanke, bayan asuba. Tsoro na so in ba mai awo, ya koma ya ce ruwan ba ya awuwa. Muniratu jirgina take shiga kullum. Yau na hana jiragena fita, sai ta shiga na Kassim."

Sufeto ya buga wa mai awon waya, ya saurara, sannan ya juyo wajen Gariba.

"Ya ce an soke aikin tun shekaranjiya. Shi ya sa bai zo ba."

Ana sa wa Gariba ankwa, masu makara suka fito da 'yarsa. Ya bi su da ido.

"Ofisa, ashe gadar ma ba ya zuwa?"

Sufeto ya buɗe masa ƙofar mota.