Ƙusa ta Tara

Ranar Asabar, bayan la'asar, saura sati uku Auta ta haihu, Likita ya ɗauki mota ya tafi neman katako.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana cire haƙoran mutane. Da ya yi ritaya hannunsa ya ƙi zama, sai ya mai da garejin gidansa wurin aikin kafinta. Ba don sayarwa ba. Ya sayi littattafai, ya kalli masu koyarwa a waya, ya tara kayan aikin da kafintan gaske ba zai tara a shekara goma ba. Cikin shekara biyu ya yi kanta huɗu, kujeru shida, da wani tebur da matarsa ke tokare wa ƙafa da murfin kwalba. Yanzu gadon jariri yake so ya yi wa ɗan da 'yarsa za ta haifa, kuma ya ce sabon katako ba zai yi ba, don sabo yana lanƙwashewa.

A bayan kasuwar ƙarafa akwai filin da ake sayar da abin da aka ɓamɓaro daga rusassun gidaje. Mai wurin ya san shi. Likita ya wuce ƙofofi da tagogi, ya tsaya a gaban wani baƙin katako mai kauri da aka jingina shi kaɗai a jikin bango. Ya ƙwanƙwasa shi da yatsa. Ƙarar ta yi masa daɗi.

"Dokin ƙofa ne, na wani tsohon gida," in ji mai wurin. "Ɗauka kawai, ya tare mini waje. Sai dai ka yanke shi ta gefe, ka bar masa ƙusoshinsa."

Ƙusoshi takwas ne, ƙirar hannu, masu faɗin kai, a jere biyu.

"Haba malam. Wa ke sa zarto a katako mai ƙusa? Ai haƙoran zarton zubewa za su yi."

"Likita, kai ka san haƙori, ni na san tarkace. Juya shi ka gani. Ba su fito ta ƙasa ba. Ba su haɗa shi da komai ba."

"To amfanin me aka buga su?"

"Shi ya sa na ce ka bar su."

Likita ya yi dariya. Mai wurin bai taya shi ɗauka ba.

Rana ta yi ja lokacin da ya shigo gida. Ya ɗora katakon a kan wasu ƙafafun katako biyu a tsakiyar gareji. Matarsa ta leƙo daga ƙofar da ta haɗa garejin da cikin gida, tana goge hannu.

"Baban Auta, an sake kwaso mana shara?"

"Sharar nan ta girme ki."

"Ta girme ka dai. Ka yi wanka kafin ka zauna mini a kujera." Ta koma ciki.

Auta ta shigo tana riƙe da ƙugu, ta zauna a ɗaya daga cikin kujerun nan shida, kusa da ƙofa. Mijinta ya yi tafiyar aiki, shi ya sa take gida. Tana son kallon mahaifinta yana aiki, tun tana ƙarama.

"Baba, Allah ya sa shi ma wannan ba sai an nemo masa murfin kwalba ba."

"Ke da uwarki ba ku san darajar aikin hannu ba."

Garejin yana da tsari irin na ɗakin tiyata. Kowane abu da ƙusarsa a bango, an zana siffarsa da fenti. A jikin bangon hagu akwai teburin aiki, a bakinsa matsi, wato ƙarfen nan mai baki biyu da ake murɗawa ya damƙe katako. A can ƙurya zarton lantarki, mai zagayayyen ruwa da ke leƙowa daga tsakiyar teburinsa. Likita bai taɓa barin wayarsa a soket ba. A naɗe take, a rataye.

Ya ja awo, ya zana layi biyu da fensir: tsawon jariri, da ɗan ƙari. Sannan ya ɗauki awartaki.

Ƙusoshin sun yi gardama, amma ya san gardamar abin da ya daɗe a rami. A girgiza hagu, a girgiza dama, a ja a hankali. Kowacce ta fito sai ya ajiye ta a farantin ƙarfen da ya taho da shi daga asibitinsa. Takwas.

Kafintan kasuwa da nan zai tsaya. Likita kuwa ya karanta cewa a tsohon katako ƙusar da ba a gani ita ke kashe zarto. Yana da maganaɗisun da ya ciro daga tsohuwar rediyo, ɗaure da igiya. Ya bi fuskar katakon da shi a hankali.

A daidai tsakiyar layukan biyu, ƙarfen ya manne.

Babu alamar komai a wurin. Ya kankare da wuƙa, sai ga wani ɗan toshi na katako da aka rufe rami da shi, aiki mai kyau, kusan ba ya ganuwa. Ya ɗauki ƙarfen sassaƙa ya haƙa kewaye da shi har ramin ya kai faɗin ƙaramin yatsa. Kan ƙusa ta tara ya bayyana.

"Ga ɓoyayyiyar," ya ce. "A baki ma haka suke. Wanda ba a gani shi ke hana barci."

Ya girgiza. Ya ja.

Ta fito da wani sauti, kamar mutum ya saki numfashin da ya daɗe yana riƙewa.

Wari ya biyo baya. Likita ya san shi. Warin haƙorin da ya ruɓe har ƙashi ne, sai dai wannan ya cika ɗaki.

"Baba, mene ne haka?" Auta ta toshe hanci.

"Tashi ki shiga ciki."

Ƙofar ta rufe kanta. Ba da ƙarfi ba. A hankali, har sakata ta faɗa.

Fitilar sama ta rage haske. A waje ana jin tsuntsaye na komawa bishiya, sai suka yi tsit gaba ɗaya.

Murya ta fito daga ramin, siririya, kamar ana goga samfefa a busasshen katako.

"Ka auna."

Likita ya dubi layukan da ya zana da fensir.

"Wa ka auna mini?"

"Baba," Auta ta ce cikin raɗa. "Kujerar tana tafiya."

Tafiya take. Ƙafafunta huɗu na jan siminti, kiii, kiii, tana nufar ƙurya. Auta ta yunƙura za ta tashi, wani abu ya mai da ita zaune, har kanta ya bugi makarin kujerar.

A ƙurya, zarton ya tashi.

Wayarsa na nan a rataye, a naɗe.

Likita ya yi tsalle zai kama kujerar. Aka ɗauke shi sama kamar buhu, aka maka shi da teburin aiki. Ya ji haƙarƙari ɗaya ya ɓalle. Farantin ya yi sama, ƙusoshin suka watse cikin garin katako. Hannunsa na hagu ya faɗa bakin matsi, hannun matsin ya fara juyawa da kansa. Ya fizge. Ya makara da yatsa ɗaya.

Ƙarfen ya rufe a kan ƙaramin yatsansa. Ƙashin ya yi ƙara irin ta ɓawon ƙwai.

Bai san ya yi ihu ba sai da ya ji matarsa na dukan ƙofa.

"Baban Auta! Ku buɗe! Auta!"

"Na daɗe a ƙasan ƙafafu," in ji muryar. "Yanzu a kwantar mini da wanda ka auna."

Kiii.

Teburin zarton daidai tsayin cikin mace a zaune yake. Likita ya lura da wannan, kamar yadda ya saba lura da komai. Tsakanin Auta da ruwan zarton bai fi taku uku ba. Ta rufe cikinta da hannu biyu, tana kiran sunan Allah, muryarta na yankewa.

Ba su haɗa shi da komai ba, mai tarkace ya ce. Sai yanzu ya gane abin da suke riƙe da shi.

Katakon na tsakiyar ɗaki. Ya miƙa hannun dama. Bai kai ba. Ya kama hannun matsin ya murɗa. Kamar an narka shi da teburin.

Kiii.

Ƙarfen sassaƙa na aljihun rigar aikinsa. Shi ya wasa shi da safe.

Ya san inda gaɓar yatsan take. Ya ɗora bakin ƙarfen a kanta, ya kau da kai, ya danna da dukan nauyinsa.

Sau biyu ya danna.

Matsin ya buɗe baki. Yatsan ya faɗi ƙasa.

Ya zube a gwiwa, ya jawo maganaɗisu ta igiya, ya share ƙasa da shi. Ƙusoshin suka riƙa tsalle suna mannewa. Ya ƙirga da ido. Tara. Ya warci guduma.

Ta farko. Jini ya sa ta santsi. Ya tsai da ita a raminta, ya buga.

Muryar ta yi gurnani. Kayan bango suka fara barin ƙusoshinsu.

Ta biyu. Ta uku. Sukudireba ta nutse a kafaɗarsa. Bai cire ta ba.

Ta huɗu. Awartakin ya zo ta gefe ya same shi a baki. Ya tofar da haƙora biyu, ya ci gaba.

Ta biyar. Ta shida. Jininsa na zuba a katakon, katakon na shanyewa, ko ɗigo bai kai ƙasa ba.

Ta bakwai. Ƙarar zarton ta ragu.

Ta takwas. Kujerar ta tsaya.

Sai ta sake motsawa.

Ya zura ta tara a rami. Ta faɗa ciki, ta kwanta a karkace. Ya buga, ta yi tsalle ta fito. Shi da kansa ya faɗaɗa ramin. Babu abin da za ta kama.

"Baba!"

Ruwan zarton ya ci gefen rigarta. Zare ya tashi sama.

Ramin da ya yi wa ƙusa yawa, cika shi ake yi da wani abu. Ya karanta wannan ma. Ya cusa guntun katako. Ramin ya tofo shi. Ya cusa fensir. Ya tofo shi, a karye. Dariya na fitowa daga ciki, ƙasa-ƙasa.

Ya dubi katakon da ya shanye jininsa. Ya dubi faɗin ramin.

Ya laluba cikin garin katako a gindin matsi, ya samo yatsan. Da ɗuminsa.

Ya shiga daidai.

Ya ɗora ƙusar a kai. Bugu uku.

Zarton ya yi ta juyawa a hankali, a hankali, ya tsaya. Fitila ta dawo. Sakata ta ɗaga, matarsa ta faɗo ciki da taɓarya a hannu, ta ga mijinta, ta ga 'yarta, ta saki taɓaryar.

A asibiti an rubuta cewa hatsarin zarto ne. Wani matashin likita ya yi masa nasiha a kan tsofaffi da injuna. Auta ta haihu bayan kwana huɗu, kafin lokacinta, namiji, lafiyayye. Gadon roba aka saya masa a kanti. Ba ta sake bi ta gefen garejin ba, kuma in ta ji ana jan kujera a siminti sai ta ɗauki ɗanta ta fita.

Mai tarkace ya ƙi karɓar katakon. Ya dubi hannun da ke naɗe da bandeji, ya ce shi ba ya karɓar abin da ya riga ya bayar. Wuta ma ta ƙi kama shi. Matar Likita ta ce a kai shi daji a jefar.

"A jefar, wa zai riƙa duba ƙusar?" Likita ya ce.

Don ta tara ba ta zauna ba. Abin da ya cika ramin da shi yana bushewa. Kowace Asabar, kafin rana ta faɗi, sai ya tarar ta ɗago kamar kaurin farce, ya mai da ita da bugu ɗaya. Ya gwada gam. Ya gwada siminti, da darma. Da safe sai ya same su a ƙasa. Ya sayo nama a wurin mahauci, shi ma aka tofo shi.

Ranar da jaririn ya cika wata biyar, Auta ta kawo shi gida ya wuni. Da yamma Likita ya shiga gareji da guduma. Ƙusar na kwance a ƙasa, ramin a buɗe, wari ya fara tasowa. Ta bango yana jin matarsa na yi wa jikan wasa, yaron na ƙyalƙyala dariya.

Kujerar da ke kusa da ƙofa ta motsa kaɗan.

Likita ya tsinci ƙusar, ya goge ta a rigarsa. Ya ciro ƙarfen sassaƙa daga bango, ya gwada kaifinsa a farce. Ya sa sakata.